An Shafa Fenti a Kan Gobara

Gobarar ta tashi ne da hantsi, daga cikin silin ɗin kicin. Kafin 'yan kwana-kwana su iso ta cinye kicin ɗin, ta lashe rufin falo, ta shiga ɗakin kwanan Sista ta ƙone rabin katakon sama. Babu wanda ya ji ciwo. Sista na tsaye a bakin titi da silifas ƙafa ɗaya, maƙwabta na yi mata jaje, ita kuwa tana ce musu abin ya zo da sauƙi, gidan yana da inshora.

Sista ake ce mata a unguwar saboda shekara talatin da ɗaya da ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Gidan guminta ne, kuma duk shekara sai ta je ta sabunta inshorar da ƙafarta, har ƙawayenta na yi mata dariya wai tana ciyar da kamfani a banza. Ɓangare biyu ne: nata a gaba, na babban ɗanta a baya, inda yake zaune da matarsa da 'ya'yansu uku. Wutar ba ta kai can ba.

Manaja ake kiran ɗan nata tun yana ƙarami, don ko wasa ake yi shi ke raba wa kowa aiki. Yana da shagon kayan gyaran mota. Tun kafin hayaƙi ya gama kwantawa ya karɓi fayil ɗin inshorar daga hannunta, ya ce ta huta, sintirin ofis ba na mai shekarunta ba ne, shi ya ɗauke mata. Washegari ya zo da takardu. Tabaranta ya ƙone a gobarar, ba ta ganin ƙananan rubutu, sai ya riƙa nuna mata wurin da yatsa, nan, da nan, da nan. Ta sa hannu a wuri shida ko bakwai. Ta sa masa albarka.

Aka share mata sito na bayan gida aka saka katifa. Ɗaki ne da ake ajiye tsohon janareta da jarkokin mai da tayoyin da Manaja ya rasa inda zai kai, da taga ɗaya wadda ba ta fi faɗin littafi ba. Ya ce sati biyu ne kawai. Ta tambaya ko ba za ta iya raɓawa a ɗakin jikokinta ba, matarsa ta ce ai yaran ba za su bar ta ta yi barci ba, nan ya fi mata shiru.

Ta tagar nan ta ga ma'aikacin kamfani ya zo da awo da kyamara yana ƙiyasta ɓarnar. Ta yunƙura za ta fito su gaisa, Manaja ya leƙo ya ce ta zauna, idan tsoho ya sa baki a irin wannan sai su raina lissafin. Ta tagar kuma ta ga ɗan kwangilar da aka ba aikin gyaran, sai ta ga ashe ƙanin matar Manaja ne. Ta ji daɗi. Ta ce naka sai naka, ko ba komai zai yi aikin da tsoron Allah.

Sati na uku mota ta sauke katako da kwanon rufi da kwalayen tayil da damin waya. Kwana biyu bayan nan rabin kayan ya ɓace. Manaja ya ce an kai ajiya ne, unguwar ba ta da tabbas. Sai kuma ta fara jin bugun guduma, amma ba daga ɓangarenta ba, daga nasu. Da ta yi magana ya ce wayoyin gidan a haɗe suke, dole a faro daga baya a taho gaba. Ta ce to, ita allura ta sani, ba gini ba.

Sati biyu ya zama wata biyu. Kullum da dalilin da ake kawo mata. Kamfani ba su saki kuɗi ba. Wanda zai sa hannu ya tafi hutu. Kaya sun yi tsada, sai an sake ƙiyasi. Wata rana ma har da faɗa ya shigo, ya ce masu inshora 'yan wahalar da mutane ne, da ba don yana tsaye a kansu ba da ko ƙusa ɗaya ba za ta gani ba. Ta ba shi haƙuri, ta ce kada ya kashe kansa a kan lamarinta.

A sito ne tarin ya fara. Da farko busasshe, sai da safe. Daga baya ƙirjinta ya riƙa yin ƙara idan ta ja numfashi. Ta san wannan ƙarar, ta saurare ta a ƙirjin mutane ba adadi, ta kuma san warin mai da rashin iska ne ke ciyar da ita. Ta roƙa a fitar da jarkokin, aka fitar da biyu aka bar huɗu. Autarta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, tana kira kullum ta tambayi aikin. Sista takan ce ana ta yi, yayanki na ƙoƙari. Idan tari ya taso mata sai ta rufe wayar da tafin hannu.

A cikin wata na biyar masu fenti suka shiga ɓangarenta. Kwana uku suka yi. Rana ta huɗu Manaja ya zo da fara'a ya ce ta taso ta ga gidanta. Bango fari fat, silin fari, an share ƙasa. Babu tayil, simintin da ta sani ne, amma ba ta ce komai ba, don wanda ya kwana wata biyar da janareta ba ya tsegumi. Ta yi wa ɗan kwangilar godiya har ya sunkuyar da kai. Abu ɗaya ne ya tsaya mata: a ƙarƙashin warin fenti tana jin warin ƙuna.

Ruwan sama na farko ya tona aikin. Wani ruwa baƙi ya gangaro daga kusurwar silin ya zana layi a farin bangon har ƙasa. Ruwa na biyu silin ɗin ya yi ciki a saitin gadonta. Ta jera bokiti biyu da roba. Wata safiya ta kai hannu makunnin fitila, wuta ta fizge ta har gwiwar hannu, ta zauna a bakin gado tana riƙe da hannun tsawon lokaci.

Ta kira Manaja ta nuna masa. Ya ce sabon aiki haka yake, sai ya zauna tukuna. Ta sa aka kira ɗan kwangilar, ya zo bayan kwana tara, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga kai ya ce iska ce ta ɗan ɗaga kwano, zai turo kafinta. Game da warin kuwa ya yi dariya ya ce wanda ya ga gobara hancinsa ba ya mantawa, amma shi bai ji komai ba. Matar Manaja ta aiko mata da gwangwanin turaren feshi. Kafinta bai zo ba.

Numfashin ya kai ta asibiti, aka kwantar da ita kwana uku a sashen da ta taɓa shugabanta. Likitan, wanda ita ta nuna masa yadda ake neman jijiya yana sabon zuwa, ya tambaye ta wane irin ɗaki take kwana. Ta ce ɗaki ne kamar na kowa. Ya dube ta ya ce ita ma ta san wannan ba amsa ba ce. Kafin a sallame ta Auta ta turo aka yi mata sabon tabarau.

Ba ta yi sati da komowa ba Manaja ya shigo ɗakinta, abin da ya daɗe bai yi ba. Bai zauna a kujera ba, ƙasa ya zauna kusa da bokitin. Ya ce kamfanin inshora suna da masu bin diddigin aikin 'yan kwangila, sukan zaro fayil su je su gani da ido, kuma nasu aka zaro, jibi za a zo. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce an ɗan yi gyare-gyare a takardun. Shago ne ya so durƙushewa, ya ɗan taɓa wani abu da niyyar mayarwa. Kayan da suka shiga ɓangarensa kuwa ai duk gidanta ne, ba waje aka kai ba. Kowa haka yake yi, kamfanin ba su san zafin kuɗin ba.

"Mama, abin da za ki ce kawai shi ne kin gamsu da aiki. Idan kika faɗi wani abu daban, 'yan sanda ne. Ki dubi yaran nan."

Ta daɗe tana kallon layin baƙin da ke bango. Ta tambaye shi ko shi ke nan abin da ya yi, babu saura. Ya rantse shi ke nan. Ya kuma yi alkawari da zarar an wuce wannan zai sauke rufin gaba ɗaya a sake.

Ranar da za a zo, tun da safe aka kwashe bokitan, aka jawo durowar kaya aka rufe layin bangon, aka shimfiɗa darduma daga ɓangarensu, aka fesa turare har yana shaƙe ta. Mai binciken mace ce, ba za ta girmi Auta ba, da fayil a hannu da tocila a aljihun riga. Ta durƙusa ta gaida Sista, ta ce ita ce mai gidan ko? Manaja ya ce shi ne wakili. Ta ce ta gani a takarda, amma da mai gidan aka aiko ta ta yi magana.

Ta zauna kusa da Sista ta buɗe fayil ɗin tana nuna mata hotunan da ɗan kwangila ya miƙa a matsayin aikin da ya kammala. Sista ta gyara tabarau. Ga ɗaki da tayil mai ruwan ƙasa, ga silin mai ado, ga sababbin soket. Ta gane labulen, ita ta saya wa matar Manaja shi lokacin haihuwarta ta biyu. Wannan ta riga ta sani, ta haɗiye.

Sai mai binciken ta juya shafi. Hoton wani gida ne mai ɗaki biyu da baranda da tagogi manya, an manna rasit a ƙasa. Ta ce wannan ne gidan da kamfani ya biya a kama mata ta zauna wata biyar kafin a gama gyara, tunda an rubuta tana da lalurar ƙirji, likita ya ce kada ta kusanci hayaƙi. Ta tambaye ta ko ta ji daɗin zama a can.

Sista ta kalli barandar. Ta kalli tagogin. Ashe Manaja ya san da ƙirjin nata, har ya rubuta shi a takarda ya karɓi kuɗinsa, sannan ya dawo gida ya wuce ta gaban sito kullum yana jin tarinta. Shekaranjiya kuma ya zauna a gabanta ya rantse babu saura. Ta ɗaga kai ta neme shi, yana tsaye jikin ƙofa yana danna waya.

Ya ce ai Mama ta ji daɗin wurin sosai. Mai binciken ba ta ko waiwaye shi ba. Ta nuna ƙasan rasit ɗin, da ƙasan takardar kammala aiki, ta tambaya ko wannan sa hannunta ne.

"Hannuna ne," in ji Sista.

Matar ta rufe fayil. Ta nemi izini ta fita ta ɗauko tsani daga motarta, ta kafa a tsakar ɗakin. Manaja ya ce silin ɗin sabo ne, za a ɓata fenti. Ta ce kamfani zai biya fentin. Ta hau ta tura allon da ya yi ciki, baƙin gari ya zubo mata a kafaɗa ya sauka a kan darduma. Ta haska tocila ta daɗe tana ɗaukar hoto. Da ta sauko, da guntun katako a hannunta, ta murza shi da yatsu biyu ya zama gawayi. Ta ce katakon da ya ƙone ne ke riƙe da rufin har yanzu. Tsofaffin allunan aka juya aka shafa musu fenti. Wayoyin da suka narke kuwa salatif aka naɗa musu, ruwa na ɗiga a kansu.

Ta roƙi Manaja ya ba su wuri, ya fita ba da son ransa ba. Ta yi wa Sista bayani a hankali. Abin da ta gani a sama ya isa ta kai rahoton ɗan kwangila. Amma a takarda, mai gida ta ce ta karɓi aiki ta gamsu, ta kuma zauna a gidan haya. Muddin ba ta ce ba haka aka yi ba, kamfani ya sauke nauyinsa, babu wanda zai zo ya sake mata rufi. Ta ce ta sha ganin irin wannan, kuma yawanci ba bare ke yi ba.

"Mama, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce min kawai ba ki zauna a gidan nan ba."

Daga tsakar gida Sista na jin muryar ƙaramar jikarta tana rigima a kan takalmin makaranta. Ta ce ta gamsu da aiki. Matar ta rubuta. Da za ta tafi ta ce ko me ake ciki, kada ta ci gaba da kwana a ƙarƙashin wannan rufin.

Bayan sati uku kamfani ya cire ɗan kwangilar daga cikin waɗanda yake ba aiki, ya kuma nemi ya amsa tambayoyi. Shi ya san idan ya ja Manaja zai ja yayarsa, sai ya yi shiru ya ɗauka. Fushin gidan duk ya dawo kan Sista. Matar Manaja ta daina gaishe ta, ta hana yaran shiga wurinta, wai ƙurar silin za ta yi musu illa. Manaja ya ce da ta ce ba ta yarda a hau ba, da babu mai hawa, ɗakinta ne. Yanzu ta jawo wa ɗan mutane asarar sana'a, shi kuma kunya a gidan surukai. Da ta tuna masa alkawarin rufi, ya ce da wane kuɗin, ana cikin wannan?

Aka ɗauke darduma, bokitai suka dawo, suka zama huɗu. Ta daina taɓa makunni, ta ja gadon zuwa tsakiyar ɗaki, sannan zuwa bakin ƙofa. Wata rana da azahar tana banɗaki ta ji rugugi. Ta fito ta tarar da allon silin da guntun katako a kan matashinta, jiƙaƙƙu, baƙi ƙirin. A ranar ce ta kira Auta, ba ta rufe wayar da hannu ba.

Auta ta iso washegari. Ta shiga ɗakin, ta je ta leƙa sito, ta dawo ta hau haɗa kaya. Sista ta ɗauka Manaja zai hana, ko ya ce a bari a gyara. Shi ya riƙa ɗaukar akwatunan da kansa yana kaiwa mota, yana cewa canjin iska zai yi mata amfani.

A gidan Auta tarin ya lafa. Ba ta yarda a yi zancen ba. Duk lokacin da Auta ta ce a kai ƙara, sai ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bayan kwana ashirin aka kira Sista tantancewar 'yan fansho, takardun kuwa suna can cikin durowa, sai Auta ta tuƙo ta suka zo.

Tun daga kan kwana ta hango mutane a saman gidan. An sauke tsohon kwano gaba ɗaya, kafintoci uku na ɗaura sabon katako fari tas, mai gyaran wuta na jan sabuwar waya ta taga, ga kwalayen tayil a jingine. An tara ƙonannun katakai a bakin titi. Sista ta dafa hannun Auta ta ce, kin gani ko, na gaya miki zai dawo hanya. Ta fito daga motar da saurin da ta manta tana da shi.

Manaja na tsakar gida da takarda a hannu yana ba da umarni. Ya ɗan razana da ganinsu, sannan ya gaishe ta. Ta ce Allah ya yi masa albarka, yaushe za a gama ta dawo? Ya sosa ƙeya. Ya ce dama yana shirin kiranta. Tunda ta samu wuri a can kuma iskar ta karɓe ta, ya ga bai kamata ɓangaren ya zauna a banza ba, ya samu wani ma'aikacin banki da iyalinsa, za su tare farkon wata. Takardar wakilcin da ta sa wa hannu ta ba shi dama. Ta tambaye shi ina aka samu kuɗin rufin da ya ce babu.

"Dole na nemo, Mama. Mai haya ai ba zai yarda ya shiga haka ba, yana da ƙananan yara."

Ta shiga ta ɗauki takardun fanshonta daga durowar da aka tura baranda, ta fito ta shiga mota. Auta ta tayar, ta kama hanyar ofishin fansho. Sai da suka kai mahaɗar titi Sista ta ce ba can za su fara zuwa ba.

A kamfanin inshora suka jira kusan awa ɗaya kafin mai binciken ta fito. Ta gane ta nan take, ta shigar da su ofis ta rufe ƙofa. Sista ta ce ba ta taɓa taka gidan hayar nan ba, a sito ta yi wata biyar. Ta ce hannun nata ne, amma ba ta ga abin da ta sa wa hannu ba. Matar ta gaya mata gaskiya, cewa idan aka rubuta wannan ba ya gogewa, kuma maganar za ta wuce kamfani. Sista ta ce ta sani, a rubuta.

Aka ɗauko takarda. Matar na tambaya tana cikewa: ranar gobara, wanda ya karɓi fayil, wanda ya kawo takardun sa hannu. Auta na gefe tana share ido da bakin mayafi. Da aka zo layin ƙarshe matar ta tsaya da biro a sama, ta ce ana so a rubuta dangantakarta da wanda take ƙara.

Sista ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Ni na haife shi," ta ce.